Saƙon Da Ya Rasa Wutsiya

Masu karatu, yau kam ku gyara zama. Ke kuma 'yar'uwar da kika turo min saƙo cewa na cika ja wa mutane rai, ki yi haƙuri. Wallahi ba jan aji ba ne, rasa ta inda zan kamo zancen na yi.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, bari in taƙaita muku. Aikina kula da saba ne, wato manyan kwamfutocin nan da ba a kashe su, waɗanda ke jere a wani ɗaki mai sanyin tsiya a ƙasan ofishinmu. Kamfaninmu ƙarami ne. Saƙon waya muke aika wa marasa lafiya a madadin asibitoci da shagunan magani: ki zo ranar kaza, ki sha kaza, kada ki haɗa da kaza. Kowane saƙo kafin ya fita sai ya bi ta cikin wani ɗan mitsitsin fakiti na manhaja mai suna Almakashi. Aikinsa ke nan a duniya, ya ɗauko sunan mutum da rana da bayanin likita ya ɗinke su su zama rubutu guda, ya share gibi, ya datse abin da aka ce ya datse. Ba shi da nauyi, ba ya cin wuri, kuma kyauta ne, duk mai so ya sauke ya ɗora a sabarsa. Mutum ɗaya ne ya rubuta shi, shi kaɗai ke kula da shi. Kuma wannan mutumin shi ne aka sa wa ranar Asabar ya zo ya gaida Babana.

Wasu a wajen biki suke haɗuwa da nasu, wasu a cikin mota. Ni a shafin kai ƙorafi na tsinci nawa. Wani ɗan kuskure na gano a Almakashi na rubuta, kafin shayina ya huce ya gyara, ya rubuta min a ƙasa, "Na gode, Mai Ido." Shi ke nan sunan ya bi ni. Daga shafi muka koma wasiƙar intanet, daga nan aka karɓi lambar waya da sunan wai in matsala ta taso da gaggawa. Ku dai kun san irin wannan gaggawar.

A gidanmu kuwa ba wanda ya gane sana'arsa. Goggo, yayar Babana, tunda ta ji sunan fakitin ta raɗa masa Telan Kwamfuta, har yau ba ta canza ba. Umma ita ba ruwanta, ko me yake yi dai ya fito, don ta gaji da amsa tambayar ƙawayenta. Baba ne mai sharaɗi. Ranar da na fara yi masa maganar, ya cire tabarau ya ajiye a kan jarida ya ce, "Mamana, ni ba mai kuɗi nake nema miki ba. Amma ina son mutumin da in an tambaye ni ina yake aiki, in samu abin faɗa. Wanda yake raba guminsa kyauta, da me zai riƙe gida?"

Sai ga shi Allah ya kawo wani babban kamfani da ya ga Almakashi ya yaba, suka ce suna son ɗaukar mai shi aiki, amma sai ya fitar da sabuwar siga da ta fi tsohuwar sauri sun gani. Ya yi wata da watanni yana fama, har ya rame. A farkon makon nan ya sake ta, kamfanin suka ce za su zuba mata ido na 'yan kwanaki kafin su yanke hukunci.

Da safen ranar da ya sake ta, ina zuwa ofis, ko jakata ban ajiye ba, saƙonsa ya shigo.

"Mai Ido, kin ɗora?"

"Tana sabar gwaji," na rubuta.

"Haba! Ni ne fa."

"Ko Babana ne ya rubuta ta, sai ta kwana a gwaji."

Ya turo min fuskar kuka, na mayar masa da ta gwalo. Dariya muke, amma ni da gaske nake. Ƙa'idata ce tun da na fara aikin nan. Duk fakitin da ke kan sabar aiki na kafe shi a sigar da na sani, ba ya motsi, ba ya sabunta kansa da kansa. In sabuwa ta fito, sai ta fara zama a sabar gwaji, inda ba mutumin gaske da saƙo zai je wa, in zazzage mata saƙonnin ƙarya in ga halinta.

Na ja rigar sanyina da ke rataye a bayan kujera, na haɗa shayi, na fara. Gajerun saƙonni suka wuce sumul. Sauri kam ba a magana, sai da na ce, "Kai, sannu da aiki," ni kaɗai ina murmushi kamar wata taɓaɓɓiya. Daga nan na tura dogaye, irin na masu juna biyu, waɗanda likitoci ke cika wa bayani. Abin da na saka shi ne:

"Ki ci gaba da shan maganin safe da yamma bayan kin ci abinci. Idan kin ga jini ko jiri ya ɗebe ki, ki daina sha nan take ki zo asibiti."

Abin da ya fito ta ɗaya gefen kuwa:

"Ki ci gaba da shan maganin safe da yamma bayan kin ci abinci."

Shi ke nan. Sauran ya ɓace. Babu jan rubutu, babu gargaɗi, Almakashi ma cewa ya yi an gama lafiya. Na ce ƙila ni ce na yi shirme. Na share komai na sake ɗorawa, na canza saƙon, na canza suna. Duk sa'ad da guntayen da za a haɗa suka yi yawa kuma rubutun ya yi tsawo, sai wutsiyar ta faɗi. Na mayar da tsohuwar siga, saƙo ya fito cif. Na dawo da sabuwa, ya sake guntulewa.

Da aka tashi cin abincin rana na fita matattakalar baya, inda ba mai bi sai masu shara, na kira shi. Har da zumuɗina, ina ganin taimako zan yi. Na zayyana masa komai, tiryan-tiryan. Da na gama, na duba wayar ko ta katse.

"Kana ji na?"

"Ina ji." Ya sauke numfashi. "Na san da shi."

"Ka san da me?"

"Na gan shi kafin in saki. Ba kullum yake faruwa ba, sai rubutu ya yi tsawo sosai."

"Innalillahi! Ka gani ka saki?"

"Ki saurare ni, Mai Ido. Wurin da matsalar take, shi ne wurin da ya kawo saurin, shi suka yaba. In na taɓa shi yanzu sai na warware rabin aikin. Suna yanke hukunci zan gyara, wallahi zan gyara. 'Yan kwanaki ne."

"To ka rubuta gargaɗi mana a shafin. Layi ɗaya. Ka ce kowa ya dakata."

"Shafin da suke dubawa safe da yamma?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Ke dai ki bar naki a kafe a tsohuwar siga. Ba abin da zai taɓa majinyatanki."

"Na wasu fa?"

"Yawancin masu amfani da shi sunayen kaya suke haɗawa da adireshi. Ba wanda zai lura."

Na jingina da bango. Sai ya ƙara da cewa, "Don wa nake wannan wahalar? Ranar Asabar in Baba ya tambaye ni aiki, me kike so in ce masa? Ki rufa min asiri, don Allah. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Gaskiya ne, bai taɓa ba. Na ce masa to.

A sana'armu kuwa, abin da aka saba daban ne. Kaya kyauta ne, ba ka biya ba, to abin da ake bin ka shi ne in ka ga aibi ka rubuta a shafin fakitin a bainar kowa, ka nuna matakan da za a bi a gan shi, don na bayanka kada ya faɗa. Haka na yi masa a karon farko, haka nake yi wa kowa. Amma ranar da na koma kujerata, Ogata ta leƙo da kofinta a hannu ta ce, "Ya sabuwar sigar mutumin naki?" sai na ji bakina ya ce, "Ba ta gama gwaji ba, Anti." Ta kashe min ido ta wuce. Ji na yi kamar in nutse.

Gida kuma ya kacame da shiri. Umma ta sauke labulen falo ta wanke, ta fito da kofunan gilashin nan masu bakin zinare da tun ina yarinya ban taɓa ganin an sha ruwa da su ba. Goggo ta iso tun ranar Alhamis da jakarta da carbinta da bakinta. Ta buɗe durowata ta dinga fito da kaya tana watsawa a kan gado.

"Wannan fa? Kamar mai zuwa ta'aziyya. Wannan kuma ta ma'aikatan banki ce. Ke duk kayanki ba mai fara'a?"

"Goggo, shuɗiyar nan nake so."

"Shuɗiya a gidan wa? Ga wadda za ki sa."

Doguwar riga ce mai ruwan zuma, da ƙananan duwatsu a bakin hannu, wadda na saya don bikin wata ƙawata ban sa ba saboda tana ƙaiƙayi a wuya. Ta haɗa min da mayafi mai launin madara da ɗankunnen Umma. Ta ƙare min kallo ta ce, "Me ya same ki kike ta zuru-zuru? Ko Telan ne ya ce ya fasa?"

"Aiki ne, Goggo."

"Aikin lafiya! Mace za a zo neman aurenta tana tunanin inji."

Shi kuma saƙonninsa ba su fasa shigowa ba. "Kin ci abinci?" "Wace kalar riga Baba ya fi so?" "Kawuna ya ce shi zai tuƙa mu, ki taya ni addu'a mu iso da rai." Ina karantawa ina dariyar yaƙe. Sau nawa nake rubuta masa "ka saka gargaɗin nan" in goge. Kullum da safe in buɗe shafin Almakashi in ga ba wanda ya yi ƙorafi, in ce alhamdulillahi, ƙila gaskiyarsa ne, ba wanda zai lura.

Ranar Asabar da yamma suka iso. Ta gefen labulen ɗakina na leƙa. Farar riga ya sa, ta sha guga har tana ɗaukar ido, ya yi aski, yana biye da kawunsa yana ta gyara maɓallin hannu. A bakin ƙofa ya tuɓe takalmi ya jera su a gefe, ya durƙusa ya gaida Baba har ƙasa. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son mutumin nan. Ina son yadda yake sunkuyar da kai in yana jin kunya, ina son yadda yake saurare har mutum ya gama magana. Da na gan shi a kan kujerar falonmu sai da idona ya ciko.

Goggo ta turo ƙofa. "To, a daina leƙe. Ki zauna nan, sai an kira ki ki kawo tire. Kuma ban da sauri, ba sabarku ce ta kama wuta ba."

Ta fita. Na zauna a bakin gado ina sosa wuya, muryoyinsu na shigowa sama-sama. Na ji Baba ya yi dariya, abin da ba kasafai yake yi da baƙo ba. Sai wayata ta yi ƙara a kan matashi. Sanarwa ce daga shafin Almakashi, domin duk abin da aka rubuta a can yana zuwar min.

Wata mata ce ta yi rubutu tun da rana, ina can ina fama da Goggo ban gani ba. Ta ce ita kaɗai ke kula da sabar wani ƙaramin asibitin haihuwa. Sabarta tana sabunta fakiti da kanta, ba ta kafe komai ba. Tun farkon mako saƙonnin da suke aika wa masu ciki suke isa a guntule. Wata ta ci gaba da shan maganin da ya kamata ta daina, sai da aka kwantar da ita, mijin ya zo ya yi musu tas, shugabanta kuma ya ce sakacinta ne. A ƙarshe ta rubuta, "Don Allah akwai wanda ya ga irin wannan? Na duba ko'ina ban gane ba. Ko ni ce na yi kuskure?"

Abin da ya sa wayata ƙara kuwa amsar da ke ƙasa ce, sabuwa fil, yanzu ta shigo daga mai Almakashi da kansa.

"Na gwada a nan ban ga matsala ba. Ki duba saitin sabarki."

Ya kuma rufe ƙorafin.

Na karanta, na sake karantawa. Na tashi na koma bakin labule. Baba ya juya yana nuna wa kawun wani hoto a bango, shi kuma na gan shi da idona yana ajiye wayarsa a kan teburin tsakiya, ya ɗago da murmushinsa ya ce, "Na'am, Baba."

A falonmu. A kan kujerar Babana ya zauna ya rubuta wa baiwar Allah nan cewa laifinta ne, alhali ya sani, ya kuma san na sani. Shirun da na yi masa alkawari daban, wannan daban. Na tuna yadda na zauna ina share komai ina sake ɗorawa ina zargin kaina, ni da nake da sabar gwaji da Oga mai sauƙin kai. Ita wa take da shi? Yanzu haka tana can tana tone saitin da ba abin da ya same shi, saƙonni kuma suna ta fita.

Na jawo kwamfutata daga ƙarƙashin kayan da Goggo ta watsa. Duk gwajin da na yi yana nan a ajiye. Hannun rigar nan mai duwatsu yana ta karce madannai, na naɗe shi. Zuciyata tana cewa ki bari su tafi tukuna, ki kira shi, ki ba shi dama. To ai na ba shi, amsar da ya bayar ga ta nan a gabana.

Ko da an rufe ƙorafi, ana iya rubutu a ƙasansa. Na rubuta da sunana, wanda kowa a shafin ya sani. Na saka saƙon gwajin yadda ya shiga da yadda ya fito. Na jera matakan da kowa zai bi ya ga abin da idonsa. Na ce mata ta koma tsohuwar siga yanzu-yanzu ta kafe ta, ta kuma sake aika duk dogon saƙon da ya fita tun farkon mako. Ban ce ya sani ba, wannan ban iya rubutawa ba. Na ƙare da, "Ba kuskurenki ba ne, 'yar'uwa."

"Ke!" Goggo ta buga ƙofa. "An kira ki tun ɗazu. Me kike ƙwanƙwasawa a ciki?"

"Ga ni nan, Goggo."

Na danna aikawa, na rufe kwamfutar. Ko madubi ban duba ba.

Umma na tsaye a ƙofar kicin da tire, fuskarta kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Ta gyara min mayafi, ta raɗa min, "Babanki ya sake sosai. Allah ya yi miki albarka." Na karɓi tiren.

Na yi sallama na shiga, na durƙusa na gaida kawun. Ya ce, "Masha Allah, wannan ce Mai Idon? Kullum sai mun sha labarinki." Ina cikin zuba lemo, wayar da ke kan teburin ta yi gurnani, fuskarta ta haska dab da hannuna. Na ga sunana a jiki. Shi ma ya gani. Ya ɗauka da murmushi, ina jin ya zaci tsokana ce na turo masa daga ɗaki. Na ga babban yatsansa yana jan rubutun sama a hankali, na ga murmushin yana zagwanyewa. Wayar ta sake gurnani, ta sake. Wasu sun fara amsawa.

Ya kife ta a kan cinyarsa. Ya ɗago ya dube ni, ni ma ban kawar da kai ba.

Baba bai lura da komai ba. Ya gyara zama ya ce, "Mamana, bar lemon nan, zauna. Yaron nan ya yi min bayani, ya ce aikin kamar ya tabbata, sauran sanarwa. Na ji daɗi ƙwarai. Amma na gaya wa kawunsa, ni ban san kan sana'arku ba, ke kika san shi a inda ba ma gani."

Ya cire tabarau, ya dube ni da idanun nan nasa da ban taɓa iya yi wa ƙarya ba.

"Ki gaya min tsakaninki da Allah, a gabansa. Mutum ne da in ya faɗi magana za a kama ta?"